Bakin hula na kwarashi: wace saƙa ce ke miƙewa ta dawo?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kwarashi. Don Allah ina neman haske kan bakin hula, wanda wasu ke ce wa roba. Hular yaro ce ɗan shekara ɗaya, zagayen kansa santimita 46. Zaren ulu ne na kasuwa ninki biyu, kwarashi milimita 4. An fara da sarƙa 66 aka haɗe, aka yi zagaye uku na dabul (saƙa mai doguwar ƙafa), ana zagaya ƙafar ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Kunyoyin sun fito ras, amma bakin ba ya buɗewa, da ƙyar yake wuce goshi, in ya shiga kuma sai ya bar shaida. Da aka ƙara sarƙar zuwa 76 sai hular ta koma kamar kwano, tana zamowa har kan ido. Ina matsalar take?

Anti Balaraba:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Matsalar tun daga sarƙar farko take. Ki saƙa sarƙa 20 ki ja ta da hannu biyu, za ki ga kusan ba ta motsi. To wannan sarƙar ce kika zagaye kan yaro da ita, duk abin da kika ɗora a kanta ba zai buɗe fiye da ita ba. In ta yi kaɗan ta matse, in kika ƙara ta sai ta yi yawa, babu tsakiya.

Saƙar kwarashi ta fi miƙewa tsakanin layi da layi, ba ta bin tsawon layin. Shi ya sa ake saƙa bakin a kwance, kamar ɗamara: gajerun layuka masu yawa, sai a naɗe ta a haɗa bakinta biyu. Layukan sai su miƙe tsaye a goshi, kunya da kwari kamar gonar da aka yi wa huɗa, kwarin ne ke buɗewa idan an ja.

Ga mafi sauƙi. Ki yi sarƙa 9. Ki tsallake ta farko daga kwarashi, ki yi singil 8 (ki shiga, ki ɗauko zare, ki naɗa ki fita ta biyun da ke kan kwarashi). Sarƙa 1, ki juya. Yanzu ki dubi saman kowane ido, wato kowane singil da kika yi, za ki ga zare biyu kwance gefe da gefe, na kusa da ke (na gaba) da na nesa (na baya). Ki sa kwarashi a ƙarƙashin na nesa kaɗai, ki yi singil. Haka kowane layi har ɗamarar ta kai tsawon da kike so. Zaren gaban da kike bari a kowane layi shi ne ya ba saƙar wurin lanƙwasa. Ido 8 da irin zarenki zai ba ki faɗin santimita 4 zuwa 5. In bakin mai naɗewa kike so, ki yi 16 ko 18.

Maman Ilham:
Na gode Anti. Zaren nesa, ai idan na juya saƙar na nesa ya dawo kusa. Wanne zan bi?

Anti Balaraba:
Kullum wanda ya fi nisa da ke a lokacin da kike riƙe da saƙar. Kada ki damu da inda yake kafin ki juya.

Hajiya Turai:
Abin da Balaraba ta faɗa kan sarƙa daidai ne, amma singil na baya ba shi zan ba mai neman roba ta gaske ba. A raba abu biyu: miƙewa daban, dawowa daban. Singil na baya yana miƙewa sosai, sai dai bayan sati biyu uku ana sawa ana cirewa yakan saki jiki, musamman da zaren kasuwa mai santsi. Wanda ke kama kai ya dawo inda yake shi ne silif na baya. Hanyar ɗaya ce, sai dai maimakon singil, ki sa kwarashi a zaren baya, ki ɗauko zare ki zarce da shi ta cikin wanda ke kan kwarashin a tafi ɗaya. Layinsa gajere ne ƙwarai, kunyoyin suna matse da juna, duk wanda ya gani zai ɗauka saƙar kibiya ce.

Anti Balaraba:
Hajiya, ba na musu kan kyansa. Amma mai koyo in ta fara da silif, layi biyar za ta yi ta ajiye kwarashin. Idon yana tsukewa har kwarashi ya ƙi shiga, ga shi layi yana ninka na singil kusan biyu kafin a kai tsawo ɗaya. Wadda ke saƙa huluna goma don sayarwa kafin hunturu ba ta da wannan lokacin.

Hajiya Turai:
Tsukewar tana da magani, kuma dalilinta ɗaya ne. A silif, zaren da ke kan kwarashi shi ne zai zama idon da za a shiga a layi na gaba. In aka ja zaren hannu bayan kowane ido, ko aka yi idon a siririn wuyan kwarashi, an ƙulle ƙofar gobe ke nan. A tura zaren zuwa jikin kwarashi mai kauri kafin a shiga ido na gaba, a ɗan ɗaga hannu sama. Sannan a ƙara girman kwarashi, in zaren na 4 ne a ɗauki 5, mai matse hannu ma ta ɗauki 5.5. Kwarashi mai ɗan tsinin kai ya fi shiga. Maganar lokaci kuwa na yarda, wuyan hannu ɗaya na rigar sanyi ba komai, amma ƙugun rigar babban mutum da silif aiki ne ja.

Sakin jikin singil ma ban ce ba shi da magani ba. Shi akasin silif ne, rage masa kwarashi ake yi. Jikin hula da 4, baki da 3.5 ko 3.

Ummu Sadik:
Ku bar ni in shiga tsakani, don akwai na tsakiya da ba a ambata ba. A naɗa zare a kwarashi tukuna kamar za a yi haf-dabul (saƙar da tsayinta ke tsakanin singil da dabul), a shiga zaren baya, a ɗauko zare, sai a zarce da shi ta cikin biyun da ke kan kwarashin kai tsaye, ba tare da sake naɗawa ba. Wannan naɗin farko yana hana idon tsukewa, yana ƙara wa layin tsayi, fuskar kuma tana kama da ta silif. Ya fi singil dawowa, ya fi silif sauri. Abin lura ɗaya: bayan an juya za a ga zare uku a kan kowane ido, a tabbata na can baya ake ɗauka.

Zee Kwarashi:
Ni tambayata kan dabul ɗin da Maman Ilham ta fara da shi. Ke nan ba shi da amfani? Ai a hotuna shi aka fi gani.

Malam Habu Mai Safa:
Yana da amfani, Malama, aikinsa ne daban. Wannan da ake zagaya ƙafar ido ta gaba da ta baya maimakon shiga samansa, ado ne da kauri. Ya dace da gefen bargon jariri, da wuyan riga mai buɗaɗɗen gaba, da ƙasan rigar da ba a son ta kama ƙugu. Yana cin zare fiye da sauran, yana da nauyi, miƙewarsa kaɗan ce. In dole da shi za a yi bakin hula, a saƙo hular daga sama zuwa ƙasa, bakin ya zo ƙarshe, ta yadda babu sarƙa a goshi. Adadin ido ya zama mai rabuwa biyu, in ba haka ba gaba biyu za su haɗu a wurin rufe zagaye. Haf-dabul kuma ya fi dabul kama kai a wannan salon, saboda ƙafarsa gajeriya ce, ramukan ba su da girma.

In kuma daga ƙasa ake son farawa, akwai tushen da ake yin sarƙa da ido tare, ɗaya bayan ɗaya. Na singil: sarƙa 2, a shiga ta farko a ɗauko zare, a naɗa a fita ta ɗaya, wannan ita ce sarƙar, a naɗa a fita ta biyu, wannan shi ne singil ɗin. Na gaba a shiga cikin waccan sarƙar da aka yi yanzu. Tushen nan yana buɗewa fiye da sarƙa zalla nesa ba kusa ba.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Na fara singil na baya yadda Anti ta ce, ina layi na 14. Abu biyu: gefe ɗaya yana yin haƙora-haƙora, kuma da na ƙirga idon sun koma 7.

Anti Balaraba:
Idon da ya ɓata na ƙarshen layi ne. Yakan kwanta a gefe ya yi kama da sarƙar juyawa, sai a wuce shi. Ki warware har inda suke 8. Daga nan duk layin da kika fara, ki maƙala fil ko guntun zare mai wani launi a idon farko, shi ne zai zama na ƙarshe idan kin dawo. Ki riƙa ƙirgawa a kowane layi har hannunki ya saba. Sarƙar juyawa ba a ƙirga ta a matsayin ido.

Haƙoran kuwa, a idon ƙarshe na kowane layi ki ɗauki zare biyun duka, na tsakiya kaɗai za ki yi wa baya. Gefen zai miƙe sumul. Ki kuma riƙa juya saƙar ta ɓangare ɗaya kullum.

Ummu Sadik:
Ƙari kaɗan: ɗaukar zare biyu a gefe yana ɗan rage buɗewar gefen. A hula hakan alheri ne, yana hana baki yin fuka-fuki. A bakin safa kuwa, gefen da zai zama sama a bar shi da zaren baya kaɗai.

Malam Habu Mai Safa:
Gaskiya ne. Kuma tunda an taɓo safa: ba kaurin ƙwauri ake aunawa kaɗai ba. Bakin safa sai ya wuce ta dunduniya, don haka a zagaya abin awo daga bayan dunduniya zuwa saman ƙafa inda take lanƙwasa. Nan ne wuri mafi faɗi. A ja bakin iya ƙarfinsa, in bai kai wannan awon ba safar ba za ta shiga ba, komai kyan zamanta a ƙwauri.

Zee Kwarashi:
To tsawon ɗamarar fa? Daidai da zagayen kai za a yi?

Hajiya Turai:
A'a, ƙasa da shi. Abin da ya yi daidai da kai a kwance ba shi da abin da zai kama da shi. A singil na baya a rage kamar kashi 10 cikin 100. Kan yaron Maman Ilham 46, a yi 41. Babban mutum mai kai 56, a yi 50 ko 51. Silif ya fi buɗewa, ana iya rage masa har kashi 15, wato 46 ya koma 39. A auna ɗamarar tana kwance a kan tebur, ba a ja ta ba, bayan an ɗan miƙa ta sau biyu uku an sake ta ta zauna.

Jariri sabon haihuwa kansa yakan kai 33 zuwa 36. Shi santimita 2 ko 3 kawai za a rage, a yi saƙar da laushi. In an cire hula aka ga layi a goshinsa, ta matse, a warware.

Gwaji mafi gaskiya kafin a ɓata zare: a saƙa santimita 10, a ja zuwa 13 ko 14, a riƙe minti ɗaya, a saki, a sake aunawa. In ya dawo 10 ko 10 da rabi, a ci gaba. In ya tsaya a 12, kwarashin ya yi girma ko zaren ba shi da dawowa.

Maman Ilham:
Na kai 41 cif, layi 74. Yaya zan haɗa bakin biyu, kuma ido nawa zan ɗauka in hau jikin hular?

Anti Balaraba:
Madalla. Layi 74 kunya 37 ke nan, don layi biyu ke ba da kunya ɗaya, kuma ƙirga kunya ya fi ƙirga layi sauƙi. Adadin ya yi kyau da yake yana rabuwa biyu, haɗin zai faɗa cikin kwari ya ɓace.

Ki ninke ɗamarar, layin ƙarshe ya haɗu da sarƙar farko, ki duba ba ta murɗe ba. Ki sa kwarashi ta zaren baya na idon ƙarshe da zaren sarƙar da ke fuskantarsa, ki yi silif. Haka har 8, da sakakken hannu. Sai ki juya ɗinkin ya koma ciki. Kada ki yanke zare, daga nan za ki hau.

Ɗaukar ido kuwa nan ne hula ke gyaruwa ko ta lalace. Abin da aka saba faɗa shi ne ido ɗaya a bakin kowane layi, wato 74. Amma jikin hular ne ke faɗin adadin da yake so. Kin ce sarƙa 66 kika fara da ita da farko, in hannunki yana ba da haf-dabul 15 a santimita 10, to 66 ɗin santimita 44 ne, kuma shi ne daidai ga kai 46. In kika ɗauki 74 jikin zai kusa kai 50, hular ta kumbura a saman bakin, ta kuma riƙa jan robar tana buɗe ta. Sai ki zubar da 8: ki ɗauki takwas, ki tsallake layi na tara, haka har ki zagayo. Don kada ki rikice, ki raba ɗamarar huɗu da fil, ki sa 16, 17, 16, 17. Zagayen ɗaukar ki yi shi da singil, ki shiga ƙarƙashin zare biyu na gefen, kada ki shiga cikin babban ramin da ke tsakanin layuka, zai bar huji.

Zee Kwarashi:
Idan da haf-dabul na baya aka yi ɗamarar fa? Shi na fi so don sauri.

Ummu Sadik:
Layinsa ya fi tsayi, sai a ɗauki ido 3 a kan kowane layi 2. Amma ki sani shi ne ya fi kowa sakin jiki, kunyarsa faffaɗa ce. Ya fi dacewa da hular da aka saƙa gaba ɗayanta a kwance aka tsuke samanta, ko mayafin wuya. Akwai kuma wanda ake shiga zare na uku na haf-dabul, wanda bayan an juya yake kwance a gabanki ƙarƙashin zaren gaba. Yana turo saman idon waje ya fito kamar kitso, kyau kam ba a magana, sai dai buɗewarsa ba ta kai ta zaren baya ba.

Hajiya Turai:
Kafin wata ta je ta buɗe bidiyo ta rikice: sunayen nan da muke amfani da su na Amurka ne. A Ingila abin da muke kira singil dabul suke ce masa, dabul ɗinmu kuma tirebul. Duk tsarin da aka ga kalmar singil a cikinsa na Amurka ne, don 'yan Ingila ba su da ita. Silif ne sunansa ɗaya a wurin kowa.

Maman Ilham:
Hular ta hau lafiya, ta zauna a goshi ba shaida. Saura rigar sanyinsa, an gama jikinta da hannuwa. Ita ma sai na saƙa ɗamara daban na ɗinka?

Malam Habu Mai Safa:
Ba sai kin ɗinka ba, ana saƙa ta a jikin rigar kai tsaye. Ki fara zagaye gefen da singil layi ɗaya don ki samu idon da za ki kama. Daga gefen ki yi sarƙa 7. Ki dawo da singil 6 zuwa jikin riga. Ki yi silif a ido biyu na gaba na jikin rigar. Ki juya ba tare da sarƙa ba, ki tsallake silif biyun nan, ki yi singil 6 a zaren baya zuwa waje. Sarƙa 1, ki juya, singil 6 a zaren baya zuwa ciki, silif biyu a jikin riga. Haka za ki yi ta tafiya. Inda aka fi kuskure shi ne a manta da tsallakewar a saƙa a kan silif ɗin, sai idon ya ƙaru zuwa 7 ko 8, bakin ya karkace.

Kowane zuwa da dawowa yana cin ido biyu na rigar, wannan yana ba da baki madaidaici. In kina son ƙugun ya tsuke, a kowane zuwa na uku ki ci ido uku: silif, tsallake ɗaya, silif. In kika ga bakin yana yin igiyar ruwa, layukan sun yi wa rigar yawa, ki ƙara ci ko ki rage kwarashi.

A hannun riga, ki rage idon tun a zagayen singil ɗin. Hannu mai ido 36 ki haɗa biyu-biyu a wasu wurare ya koma 24, sannan ki hau. Ki gwada dunƙulen hannun yaron ya wuce kafin ki rufe.

Hajiya Turai:
A wuyan hannun nan dai, Maman Ilham, ki gwada silif. Ido 6 ne kawai, ba zai gajiyar da ke ba, kuma wurin da ake turawa sama ana saukewa kullum ya fi ko'ina bukatar dawowa.

Anti Balaraba:
A nan kam na bi Hajiya.

Zee Kwarashi:
Tambaya ta ƙarshe. Zaren auduga fa? Saboda zafi wasu ba sa son ulu ko kaɗan.

Ummu Sadik:
Auduga ba ta dawowa. Gashin tunkiya na asali a murɗe yake tun daga halittarsa, shi ya sa in an ja shi yake komawa. Abin da muke kira ulu a kasuwa yawanci akirilik ne, dangin roba, yana dawowa daidai gwargwado. Auduga kuwa zarenta a miƙe yake, duk inda aka ja ta nan za ta zauna sai an wanke. In da ita za a yi, a zaɓi silif ko wancan mai naɗi, a rage tsawon sosai, sannan a samo siririn zaren roba irin na teloli a zura a allura mara tsini, a bi ta bayan kunyoyin ta ciki, layi biyu ko uku, a ɗaure ba tare da an tsuke ba. Ban da kayan jarirai, su kada a sa musu zaren roba.

Anti Balaraba:
Kuma duk wahalar nan dutsen guga zai iya kashe ta cikin minti ɗaya. Akirilik in ya sha zafi yakan kwanta ya yi laushi da sheƙi, kunyoyin su baje, ba kuma za su tashi ba har abada. Kada guga ta taɓa bakin, ko da ta bayan ƙyalle ne. A wanke da ruwan sanyi, a matse cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a inuwa, a tattara kunyoyin da yatsa su matsu kafin ya bushe. Rigar sanyi in aka rataye ta a igiya da ruwa a jikinta, nauyin ruwan zai ja ta, wurin da aka maƙala abin shanya kuma ya buɗe.

Maman Ilham:
An gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na fara wuyan hannun da silif, kwarashi 5. Layi na farko a kan sarƙa yana ba ni wuya, kwarashin ba ya shiga.

Hajiya Turai:
Ki warware sarƙar ki sake ta da 5.5, sannan ki koma 5. Ki juya ta ki shiga ta ƙullutun da ke bayanta, ɗaya-ɗaya. Saman sarƙar zai rage miki zare biyu a fili, da su za ki haɗa bakin idan kin zagayo.